Asusun Taimako na Ƙungiyoyin Sana'a a Ƙasar Zugu

A Zugu, wato Djougou ta arewacin Benin, inda fataken goro suke yada zango tun zamanin da ayari ke zuwa Gwanja, da ƙauyukanta irin su Seru, har ya zuwa Parakou, galibin masu sana'a, mahauta ne ko masu cinikin shanu ko mata masu man kaɗe, suna da ƙungiya, kuma sau da yawa ƙungiyar takan ware asusu domin jinyar marar lafiya, da likkafanin mamaci, da karatun marayu.

Asusun nan kuwa daga kasuwa yake ci. A Gogounou, inda makiyaya suka karɓi ragamar kara da kansu, aka mai da dillalai shaidun ciniki, duk dabbar da aka sayar sai an rubuta ta, an biya mata wani abu ƙayyadadde ya shiga baitulmalin kasuwa. Daga wannan tushe ne ƙungiyar makiyaya ta ANOPER ta tsiro a 2007. Tsari ne abin yabo, amma yana da rauni guda, domin kuwa ranar da ciniki ya tsaya, kamar yadda aka gani sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 da ya toshe hanyar Malanville, a ranar ce kuɗin shiga suke raguwa, alhali kuwa masu neman agaji sun ninka.

Saboda haka, a ganina, tambayar da ta wajaba a kan 'yan kwamiti ita ce: wata nawa asusun zai ɗauki nauyinsa in ba a zuba ko dala ba? Ba kuwa mai iya amsawa matuƙar kuɗin marayu suna cikin jaka ɗaya da kuɗin walimar ƙungiya, ma'aji kuma dattijo ne wanda in yaro ya nemi ganin littafi sai a ce masa, "Haba, Alhaji za ka tuhuma?" Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba tare da ta zargi kowa da cin amana ba.

Hukuma ma ta shigo maganar. Ƙungiyar OHADA, wadda Benin take cikinta, ta zartar da dokar lissafin ƙungiyoyin da ba na riba ba a Yamai cikin Disamba 2022, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2024, kuma ta sauƙaƙa wa ƙananan ƙungiyoyi, ta yadda littafin shiga da fita da rasit a ajiye za su kai su nesa.