Kamyo Na Yoyon Mai: Mu Nemo Inda Ɓarakar Take

Lokacin kwasar amfanin gona lokaci ne na kamyo. Albasar Galmi, ayar Maradi, waken Damagaram, tattasan Diffa, duk a bayan kamyo suke isa kasuwa. Wata albasar ma sai ta kai Abijan ko Akara kafin a sauke ta. In motar ta lalace a daji cikin zafin bazara, albasa ba ta jiran makanike. Sai ta ruɓe cikin buhu, wahalar wata huɗu ta tafi a banza.

Sau da yawa abin da ke kashe inji yakan fara ne da ɗigo kaɗan na baƙin mai, wanda ƴan garaji ke kira luwul. Man nan shi ke hana ƙarafunan inji cin juna, yana kuma rage musu zafi. In ya ƙare, inji na iya ƙonewa cikin ƴan mintoci.

Mu riƙe magana guda: inda mai ke ɗiga, ba lalle nan ne yake fitowa ba. Mun san ɗaki mai yoyo da damina. Ruwa na zuba bisa gado, amma hujin yana can gefe, ruwan ya biyo azara ne. Haka mai yake. Yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, iskar fanka da ta hanya kuma na kora shi daga gaba zuwa baya. Wanda bai san haka ba sai ya sa a sauke tukunyar mai ta ƙarƙashin inji, ya biya kuɗi, gobe kuma ɗigo na nan.

Da fari, wane ruwa ne ke ɗiga?

Mu ajiye motar a wuri mai daidai, mu shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta, ya kwana. Da safe mu duba tabon. Man injin gazuwal baƙi ne wuluk. Man akwatin giya ya fi shi kauri, yana da wari mai ƙarfi. Gazuwal ba shi da kauri, warinsa kuma ba ya ɓuya. Man sitiyari galibi ja ne. Mu zaro sandar awon mai, mu goge ta, mu mayar, mu sake zarowa. Ya kamata mai ya tsaya tsakanin zane biyu da ke jikinta. In muna yin haka kowace safiya kafin a tada mota, za mu san yawan man da ke ɓacewa.

Na biyu, mu wanke inji

Ƙura da mai sukan haɗu su zama baƙin laka, su rufe kome. Mu bari inji ya huce, mu rufe kayan lantarkinsa da leda, mu wanke shi da ruwan sabulu. In ya bushe, mu cire ledar, mu tada shi kamar minti 15, sannan mu kashe. Mu ɗauki tocila mu bi sawun sabon mai, muna hawa sama, har mu kai wurin da ya fi ko'ina tsawo da ke da danshi. Nan ɓarakar take. In sawun bai fito sosai ba, mu barbaɗa hoda ko garin alli a inda muke zato, mu sake tada inji. Mai zai ja baƙin layi cikin farin gari.

Na uku, mu fara da abu mai arha

Mu duba marfin da ake zuba mai, ko robarsa ta tsage. Mu duba juwan ɗin da ke ƙarƙashin murfin kan inji, domin zafi na busar da shi har ya ƙage. In yoyon ya fara ne bayan an yi bidanji, filta da notin zubar da mai ne abin zargi. Wani lokaci robar tsohuwar filta kan manne a mazauninta, a ɗaura sabuwa bisa kanta, mai ya sami hanya. Akwai kuma ɗan abin da ke kunna jar fitilar mai, da bututan da ke kai mai ga turbo. Duk waɗannan gyaransu bai da tsada.

In mai ya fantsama kewaye da bel ɗin fanka, robar gaban inji ce ta gaji. In yana ɗiga daidai inda inji ya haɗu da akwatin giya, alhali sama a bushe take, to robar baya ce. Wannan aikin makanike ne, sai an sauke akwatin giya. Kada a yi jinkiri, domin man na iya jiƙa kuloci, mota ta kasa jan kaya.

Ruwa ba ya tsami banza. In inji na tsatsafar da mai ta wurare da yawa a lokaci guda, mu duba bututun da yake numfashi da shi. In ya toshe da dauɗa, iska na taruwa a ciki, ta tura mai waje ta kowace kafa. Cika mai har ya wuce zanen sama shi ma yana jawo yoyo. Kuma kada mu ɗaure noti da ƙarfin tsiya, sai juwan ya fashe, ƙaramar ɓaraka ta zama babba.

In mai na raguwa amma kwali ya kwana da tsabta, inji ne ke ƙona shi, alamarsa shuɗin hayaƙi. In man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa. Waɗannan biyu sai garaji. In kuwa jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, direba ya gangara gefen hanya ya kashe inji nan take, ko da gari na kusa.

Mu kula da lafiyarmu

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga. A sa manyan katakai masu ƙarfi, a kuma tokare tayoyi. Mu nisanta hannu da riga daga fanka in inji na aiki. Mai mai zafi yana ƙona fata kamar man suya. Tsohon baƙin mai kuma guba ne: ba a shafa shi ga miki, ko na mutum ko na dabba, ba a zuba shi kusa da rijiya ko cikin gona. Mu tara shi cikin jarka mai marfi, nesa da yara, mu wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Ƙungiyoyin manoma da ke da motarsu, da masu haɗa kuɗi su ɗauki shata, duk abin ya shafe su. Kafin a loda buhu na farko, a leƙa ƙarƙashin mota, a kuma ga sandar awon mai da ido. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kai kaya kasuwa lafiya.