Shin Ko Kun San? Fiziks a Ƙofar Gida, daga Maiduguri

Ɗalibai da dama da zarar sun ji an ce fiziks sai gabansu ya faɗi, suna ɗauka darasin allo ne da lissafi mai ɗaure kai. Alhali duk wanda ya kwana ya tashi a Yerwa, wato Maiduguri, cikin wannan ilimi yake, daga randar tsakar gida har titin Damaturu. Ga kaɗan daga ciki.

Shin ko kun san rana tana riga fitowa a Maiduguri kafin Sakkwato da kusan rabin sa'a? Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, digiri 15 a kowace sa'a, wato digiri ɗaya cikin minti huɗu. Tsakanin biranen biyu akwai kimanin digiri takwas. Shi ya sa a watan azumi mutanen Borno kan yi buɗa-baki 'yan'uwansu na Sakkwato suna duban agogo.

Shin ko kun san hasken ranar da ya same ku yanzu ya baro ta tun minti takwas da daƙiƙa ashirin da suka wuce? Haske yana cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, ita kuwa rana tana nesa da mu da kilomita miliyan 150.

Shin ko kun san sau biyu a shekara inuwa kan ɓuya ƙarƙashin ƙafar mai ita a Maiduguri? Wajen 21 ga Afrilu da 22 ga Agusta, da tsakar rana, rana tana tsayawa daidai bisa kai. Ku kafa sanda a miƙe ku gani.

Shin ko kun san randa gumi take yi kamar mutum? Jikinta cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana naso ta cikinsu, iska ta busar da shi, kuma duk ɗigon da ya tashi da zafi yake tafiya. Yadda iska ta kai bushewa haka ruwan zai kai sanyi, don haka randa ta fi aiki a bazara fiye da damina. Da wannan hikima Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, abin da ya kai shi ga lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Shin ko kun san inuwar darbejiya ta fi ta kwano sanyi? Kwano yana shan zafin rana ya sauko maka da shi. Ganye kuwa yana fitar da ruwa yana sanyaya kansa da iskar da ke kewaye. Kowace bishiya aka sare a gari, fanka ce aka kashe wadda ba ta neman wuta.

Shin ko kun san ruwan da kuke hangowa kwance a kan kwalta da azahar hoton sama ne? Iskar da ke dab da kwalta ta fi ta samanta zafi, sai ta lanƙwasa hasken da ya sauko ta mayar da shi cikin ido. Ita ce kawalwalniya, wadda kana binta tana ƙara gaba.

Shin ko kun san hazon hunturu ɗan maƙwabta ne? Mafi yawan ƙurarsa daga kwarin Bodele take tasowa, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, inda da can ruwa ne ya kwanta. Iska kan ɗauki wata ta haye Tekun Atlantika da ita har dajin Amazon.

Shin ko kun san dalilin da ƙofar mota kan ja ku da hunturu? Gogayyar tufafi da kujera tana tara lantarki a jiki. Da damina laimar iska kan janye shi a hankali, amma a busasshiyar iska sai ya taru, da an taɓa ƙarfe ya fita lokaci guda.

Shin ko kun san za ku iya auna nisan tsawa? Sauti mita 340 kacal yake ci a daƙiƙa. Da kun ga walƙiya ku fara ƙirge. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In ƙarar ta biyo nan take, a shiga ɗaki, kada a fake gindin bishiya.

Shin ko kun san farantin sola haske yake so, ba zafi ba? A zafin digiri 25 ake auna ƙarfinsa. Idan ya gasu a zafin Afrilu wutarsa raguwa take yi, ƙura ma ta ƙara rage ta. A riƙa share shi da sassafe.

Shin ko kun san lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita dubu kuwa tan guda? Mai tura kurar jarkoki ya san haka a ƙashinsa, Maiduguri ma ta gani ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana iya kayar da ƙato. Kada a gwada shi da ƙafa ko da mota.

Iyaye da malamai, idan yaro ya tambaye ku me ya sa abu kaza yake haka, kada ku kore shi. Ku kai shi gaban randa, ku nuna masa inuwarsa, ku ƙirga tsawa tare. Mai tambaya ba ya ɓata.