Ƙafar roba ma sai da malami: ina Jami'ar Yamai za ta samo masanan motsin jiki?

A kowane babban asibiti na ƙasar Nijar, ɓangaren masu karaya ba ya rabo da jama'a. Wani babur ya kayar, wani mota ta buge, wani ciwon suga ya ci masa ƙafa har aka yanke. Likita yakan yi nasa aikin, ya ɗora ƙashi ko ya yanke abin da ya lalace. Amma bayan nan akwai sauran tambaya: wane ƙarfe za a sa wa ƙashin da zai ɗauki nauyin mutum bai karye ba? Yaya za a ƙera ƙafar roba ta zauna daidai, ba ta ci wa mai ita dungu ba? Amsar waɗannan tambayoyi wani ilimi ne mai zaman kansa, wanda Turawa ke kira biyomekanik, wato ilimin motsin jiki da ƙarfin gaɓoɓi. Rabinsa na likita ne, rabinsa na injiniya.

Ilimin ba sabo ba ne. Tun 1680 aka buga littafin wani masani ɗan Italiya, Giovanni Borelli, wanda ya auna aikin tsoka da ƙashi kamar yadda ake auna sikeli. A 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya nuna cewa ƙashi yana sake gina kansa gwargwadon nauyin da ake aza masa. Awon zamani kuwa ya nuna cewa a tafiyar yau da kullum, gaɓar ƙugu tana ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na nauyin mutum. Mai kilo 70 ke nan ƙugunsa na fama da wajen kilo 175 a kowane taku. A 1986 wani bincike da aka yi a Kenya ya gano cewa matan Luwo da Kikuyu suna iya ɗaukar kayan da suka kai kashi 20 cikin 100 na nauyinsu a ka, ba tare da jikinsu ya ƙara kashe ƙarfi ba. Mai karatu zai ga ke nan tulun ruwa da damin itace ma abin bincike ne.

Buƙatar da ke akwai

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa mutum 1 cikin 200 a duniya yana buƙatar gaɓar roba ko abin tallafa wa gaɓa, kuma 1 cikin 10 kaɗai ke samu. In aka auna Nijar da wannan mudu, ƙasa mai mutane fiye da miliyan 25, masu buƙata za su haura 125.000. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Afirka a watan Agusta 2020, amma waɗanda ta riga ta shanye wa ƙafafu suna nan da ransu, suna neman takalmin ƙarfe da keke.

Wani kaso na aikin nan baƙi ne suka tallafa masa. Asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai a 2010 yana gyara yaran da aka haifa da karkatacciyar ƙafa. Ƙungiyar agaji ta CICR ta tallafa wa wurin ƙera gaɓoɓin roba na Babban Asibitin Yamai tun 2012, kafin hukumomi su rufe ofishinta a 2025. Hausawa sun ce kwanan gidan wani ba ya hana neman naka. Baƙo komai daɗewarsa mai tafiya ne, abin da ke zama shi ne ɗan ƙasa mai sani.

Dalili na biyu shi ne, kayan da aka ƙera don Bature ba lalle su dace da Bahaushe ko Bazabarme ba. Indiya ta ga haka tun 1968, sa'ad da likita P. K. Sethi da wani gwanin sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, suka ƙera ƙafar Jaipur, wadda ke barin mutum ya tsuguna, ya harɗe, ya shiga gona ba takalmi. Manomin Nijar ma yana so ya yi sujada, ya zauna bisa tabarma, ya taka rairayi cikin zafin bazara. Ƙafar da za ta jure wannan sai wanda ya san ƙasar ya auna ta.

Matsalar samun malamai

An kafa cibiyar karatu mai zurfi ta Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Tana da sashen kimiyya da fasaha, tana da sashen koyon likitanci, ga kuma makarantar injiniyoyi ta EMIG a hayin kogi ɗaya da ita. Duwatsun murhu uku ke nan. Abin da ya rage shi ne tukunyar da za a aza, wato malaman da za su haɗa su.

A nan gizo ke saƙa. Ɗalibin da ya ci bak yau, sai ya yi shekara 3 ta lisans, 2 ta mastar, 3 ta doktora: shekara 8 in komai ya tafi daidai. Ko da ya gama, ba shi da ikon jagorantar wani ɗalibin doktora sai ya hau matakan CAMES, majalisar da shugabannin ƙasashe suka kafa a nan Yamai a 1968, mai hedkwata a Wagadugu. Zai fara daga asistan, ya zama metir-asistan, sa'an nan metir-da-konferans, kafin farfesa cikakke, kuma matakai biyu na sama ne ke jagorantar doktora. Kowane mataki yana son shekaru da rubuce-rubucen bincike. Karatu mai zurfi ba ya tsayuwa sai da manya, manya kuwa ba a sayo su a Babbar Kasuwa.

Akwai kuma matsalar ƙofa biyu. Likitoci suna hawa ta gasar agiregasiyo, injiniyoyi kuwa ta kwamitin da ke duba takardunsu. Masanin motsin jiki yana tsakani, kamar jemage: dole ya zaɓi ƙofa ɗaya, kuma dole wani sashe ya yarda ya ba shi gurbi cikin 'yan guraben da yake da su.

Tarihi ma ya bar tabo. A shekarun 1990 tsarin tsuke bakin aljihu ya taƙaita ɗaukar ma'aikata, albashi ya riƙa makara, aka yi shekarun da karatu ya rushe. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga 50 zuwa 100, kuɗin littafi da na'ura daga waje ya ninka. Da yawa daga waɗanda suka tafi karatu ba su dawo ba. Daga baya aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, sai na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014. Alheri ne babba, sai dai 'yan malaman da ke akwai aka rarraba. Mai doktora a wannan fanni kuwa, kamfanonin ƙera kayan asibiti na Turai da Amurka suna zawarcinsa. Ba albashi kaɗai ke riƙe shi can ba: yana son ɗakin gwaji mai kyamarorin auna tafiya, da farantin auna nauyin taku, da injin gwada ƙarfin ƙarfe da roba, da wutar da ba ta yankewa.

Ina mafita?

Ta farko, a fara da abin da ke hannu. Malamin kanikanci da likitan ƙashi suna iya jagorantar ɗalibi ɗaya tare, a ba sabon malami gurbin da sassa biyu suka yi tarayya a kansa. Ta biyu, a nemi 'yan ƙasa da ke waje su zo koyarwa na 'yan makonni, kamar yadda Mali ta yi da shirin TOKTEN a jami'ar Bamako tun 1998. Ta uku, a dubi maƙwabta kafin a hangi Turai: asibitin ƙashi na Dala a Kano yana aiki tun 1959, makarantar ENAM ta Lome tana horar da masu ƙera gaɓoɓin roba da Faransanci, cibiyar TATCOT ta Moshi a Tanzaniya kuma tun 1981.

Ma'aikatan gwamnati da ke rarraba kuɗin karatu suna da nasu kaso: kada a tura yaro waje sai an tanadi gurbi da kayan aikin da zai tarar, domin wanda ya dawo ya yi shekara yana yawon ofis-ofis, jirgin da ya kawo shi ne zai maida shi. 'Yan kasuwa ma haka. Alhajin da ke gina masallaci da rijiya yana iya ɗaukar nauyin ɗalibin doktora ɗaya, ko ya sayi na'ura ɗaya. Sadaka ce mai gudana. Kuma kasuwa ce, domin sanda, keke, takalmin ƙarfe da gadon asibiti duk maƙeran Katako za su iya yi in an ba su awo na gaskiya.

Mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa ya riga ya nuna hanya. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyya a Faransa har ya ƙure, amma ya dawo ya riƙe ofishin makamashin rana na ONERSOL daga 1969, ya ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana a nan Yamai, ya kuma shugabanci jami'ar kafin rasuwarsa a 1991. Ya dubi abin da ƙasarsa ke da shi ya gina ilimi a kai. Mai ƙafa ɗaya da ke jiran awo a bakin asibiti irin wannan malami yake jira. Allah ya kawo shi da wuri.