Hidimar Gida da Dukan Mata: Tsakanin Hukuncin Fiƙihu da Al'adar Gidajenmu

  

A binciken lafiya da yanayin al'umma da aka gudanar a Nijeriya a shekarar 2018, an tambayi maza da mata ko miji yana da hujjar dukan matarsa saboda ɗaya daga dalilai biyar: ta ƙona abinci, ko ta yi jayayya da shi, ko ta fita ba da saninsa ba, ko ta yi sakaci da 'ya'ya, ko ta ƙi shi a shimfiɗa. Kashi 28 cikin ɗari na mata suka amince da aƙalla dalili ɗaya, maza kuwa kashi 21. Abin lura shi ne biyu daga dalilan nan aikin gida ne tsantsa, kuma mata sun fi maza yarda da hukuncin da a jikinsu yake sauka. Wannan ne ya sa na ga dacewar a koma ga tambayar da ɗalibanmu suke ɗauka an gama da ita: shin girki da shara da wanki wajibi ne a kan mace? In kuma wajibi ne, gazawa a cikinsu tana halatta duka?

Masana zamantakewa sun riga mu sanya wa aikin gida ido. Ann Oakley a Ingila, a 1974, ta nazarce shi a matsayin aiki mai sa'o'i da gajiya kamar kowane aiki. Arlie Hochschild a Amurka, a 1989, ta nuna cewa macen da ta dawo daga wurin aiki tana shiga wani aikin na biyu a gida. Ba lallai ne mu karɓi duk abin da suka gina a kan bincikensu ba, amma abin da suka gani muna ganinsa: malamar firamare da take tashi kafin asuba ta ɗora tukunya, ta dawo da azahar ta tarar da wanki yana jiranta, alhali albashinta yana shiga cefane.

Malaman fiƙihu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Shafi'iyya da mafi yawan Hanbaliyya, haka nan Ibn Hazm, sun tafi a kan cewa hidimar gida ba wajibi ba ce a kan mace, kyautatawa ce, domin ƙulla aure ba ɗaukar ma'aikaciya ba ne. Hanafiyya suka ce ta wajaba tsakaninta da Ubangijinta, amma alƙali ba ya tilasta ta. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka ce ta wajaba gwargwadon abin da aka saba, suna kafa hujja da Nana Faɗima wadda dutsen niƙa ya yi wa hannu kanta, da Asma'u 'yar Abubakar wadda take ɗauko ƙwallon dabino a ka, take kuma ciyar da dokin Zubairu, Allah Ya ƙara musu yarda.

Mazhabarmu ta Malikiyya ta bi hanyar rarrabewa, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. A cikin Risala da Mukhtasar, littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa idan miji yana da wadata, matar kuma tana cikin waɗanda ake yi wa hidima, to shi ne zai samo mata mai aiki. In ba haka ba, hidimar cikin gida ta hau kanta, kamar kwaɓa gari da shara da gyaran shimfiɗa. Amma saƙa da kaɗi da duk wata sana'ar neman kuɗi ba a ɗora mata su, domin ciyarwa nauyin miji ne. Shaihu Dardir a sharhinsa ya ƙara da cewa girkin da ya hau kanta na mijin ne, ban da na baƙinsa. To, a auna wannan da gidan da amarya take tuƙa tuwon mutum ashirin, har da ƙannen miji da almajiran zaure, sannan ta soya ƙosai yara su kai talla domin a sami kuɗin sabulu. Mafi yawan abin da take yi sadaka ce daga gare ta, ko da yake mutanen gidan suna ƙirga shi a matsayin bashi.

Kuma ba a ce miji ya naɗe hannu ba. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi (SAW) ya kasance cikin hidimar iyalinsa a gida har lokacin salla ya yi. A wasu ruwayoyin an ambaci ɗinkin tufarsa da gyaran takalminsa da tatsar akuyarsa. Sai ga shi a wurinmu namijin da aka gani yana wanke kwano ana kiransa mijin-ta-ce, ko a ce an shanye shi. Na taɓa karantar da wannan hadisi a aji, wani ɗalibi ya ce ai wannan tawali'u ne na annabawa. Na tambaye shi ko tsayar da gemu ma na annabawa ne kawai. Bai ba ni amsa ba.

Mu koma ga duka. Aya ta 34 a Suratun Nisa'i ta yi magana ne a kan nushuzi, wato bijirewa, ta kuma jera matakai: wa'azi, sai ƙaurace wa shimfiɗa, sai duka. Tuwon da ya yi gudaji ko miyar da gishiri ya yi wa yawa kuskure ne, ba bijirewa ba, ko da a wurin waɗanda suka wajabta hidimar. Matakin ƙarshen ma malamai sun ɗaure shi da igiyoyi: kada ya zama mai cutarwa, a nisanci fuska, kuma Khalil ya sharɗanta zaton cewa zai yi amfani. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa da asawaki ne da makamancinsa. Aɗa'u bn Abi Rabah ya ce kada ma ya dake ta, Ibnul Arabi kuma ya yaba wa fahimtarsa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Ibn Ashur, babban malamin Malikiyya na Tunisiya, ya ce idan hukuma ta ga maza ba sa tsayawa a kan iyaka, tana da ikon hana su da sanya ukuba.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya soki mazan da suke barin matansu cikin jahilci suna moransu kamar kayan gida, ya kuma gargaɗi mata game da masu yi musu wa'azin biyayyar miji ba tare da koya musu biyayyar Allah ba.

Abin da ya rage shi ne mafita ga wadda ake cutarwa. Al'ada ta tanadi yaji da biko, inda galibi ake cewa "ki yi haƙuri, aure ibada ne", a mayar da ita ɗakinta ba a tambayi mijin komai ba. Shari'a kuwa ta tanadi masu sulhu biyu daga danginsa da danginta, kamar yadda aya ta 35 ta zo da shi, sannan Malikiyya sun ba ta damar neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ko da shaidu ba su tabbatar da maimaituwarta ba, kuma ba tare da ta mayar da sadaki ba. Da yake duka a bayan ƙofa ake yin sa, sun karɓi shaidar ji, wato abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da amintattu cewa wane yana cutar da matarsa. Mata da yawa da suke zuwa kotu neman hul'i, suna biyan kuɗi domin su kuɓuta, wannan ƙofa ce ta dace da su, kuma waliyyansu ba su taɓa jin labarinta ba.