Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Farar Tanka Take Huci?

Takardar da muka ɗauko wannan makon ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a garin Zugu, cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Ga abin da ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Don Allah ina son ku yi mani bayani. Na kai kaya Sakkwato, a hanya sai na ga wata farar tanka, ba irin ta fetur ba, tana tsaye bakin titi. Wani farin hayaƙi yana fita ta bayanta da ƙara kamar hucin kumurci, ga ƙanƙara ta kama bututunta da rana tsaka. Wasu suka ce yoyo take, a nemo roba da tsumma a ɗaure wurin. Direban kuwa ya hana kowa matsowa. Shin mi ke cikin motar ga, kuma wa ke da gaskiya?"

To Alhaji, mun gode da wannan tambaya. A taƙaice direban ne da gaskiya, kuma da ya bari an ɗaure wurin nan, da abin da zai biyo baya ba mai daɗin ji ba ne. Amma bari mu bi abin daki-daki.

Irin wannan tanka iska take ɗauka, amma iskar da aka sanyaya har ta koma ruwa. Kamar yadda tururi yake komawa ruwa a jikin murfin tukunya, haka ita ma iska, in sanyi ya kai mata iyaka, sai ta zama ruwa. Sanyin da ake magana ba irin na hunturu ba ne, ba kuma na firji ba. Ruwan sha yana daskarewa a sifiri. Iskar gas ta ƙasa, wadda ake kira LNG in ta zama ruwa, sai an kai ta wajen digiri 162 ƙasa da sifiri. Oksijin, wato iskar da ake sa wa marasa lafiya a asibiti, sai 183 ƙasa da sifiri. Naitirojin kuwa sai 196.

Me ya sa ake wannan wahala? Saboda wuri. Lita ɗaya ta ruwan LNG, in ta koma iska, za ta cika wajen lita 600, watau duro uku na lita 200. Ta naitirojin wajen lita 700, ta oksijin wajen 860, fiye da duro huɗu ke nan. Saboda haka mota ɗaya sai ta ɗauki abin da da iska ce sai motoci barkatai. A Nijeriya, kamfanin Greenville da ke Rumuji a Jihar Ribas yana sanyaya gas yana lodin sa a manyan motoci zuwa arewa, inda bututun gas bai kai ba, kuma masana'antu irin na siminti a Sakkwato suna amfani da shi wajen samar da wuta. Shi ya sa mai bin hanyoyin Kaduna, Funtuwa, Gusau zuwa Sakkwato yakan iya cin karo da su.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Motar nan ba ta da injin sanyi. Tankin babban fulas ne kawai, irin na shayi: tanki a cikin tanki, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, an cusa abin da ke hana zafi ratsawa. To kowa ya san fulas, komai kyansa, shayin safe ba ya kai gobe da zafinsa. Haka zafin rana yake ratsa tankin nan kaɗan-kaɗan, dare da rana, ruwan ciki yana ta tafasa a hankali yana komawa iska, iskar tana taruwa a sama tana matsa jikin tankin. Gas ɗin girki da ake sayarwa a tukunya, shi in an matse shi yana zama ruwa ko cikin zafin bazara. Waɗannan ukun kuwa ba haka suke ba: in sun yi ɗumi, komai ƙarfin matsi ba za su zauna a ruwa ba. Matan da ke sayar da kunun zaƙi sun san yadda jarka takan kumbura in an toshe ta ta wuni a rana. A kwatanta wannan da abin da yake ninka kansa sau ɗari shida.

Don haka ake sa wa tankin bawul na tsira. Murfi ne ƙarami wanda sifirin mai ƙarfi yake danne shi. In matsin ciki ya kai iyakar da aka auna, sai ya rinjayi sifirin, murfin ya ɗaga, iska ta fita, matsin ya sauka, murfin ya koma ya rufe da kansa. Ba ya jiran direba, ba ya bukatar batir. Wani lokaci kuma direban da kansa yakan buɗe wani famfo ya rage matsin kafin abin ya kai ga bawul. Ko wanne ne Alhaji ya gani, tankin numfashi yake yi. Farin abin da ya gani kuma ba hayaƙin wuta ba ne, laimar da ke cikin iskar gari ce sanyi ya mayar da ita hazo, ita ce kuma ta daskare a jikin bututu.

Akwai doka a kan wannan bawul, ba ganin dama ba ne. Akwai wata yarjejeniya ta ƙasa da ƙasa kan ɗaukar kaya masu haɗari a mota, ana kiranta ADR, an ƙulla ta a birnin Janeba a 1957, Nijeriya kuma ta shiga cikinta a 2018. Abin da ta ce game da tankar ruwa mai tsananin sanyi shi ne, bawul ɗaya bai isa ba. Dole a sa biyu ko fiye, kowanne yana zaman kansa, don in ɗaya ya cije ɗayan ya yi aiki. Dole su buɗe da zarar matsin ya kai adadin da aka rubuta a jikin tankin, kuma faɗinsu ya isa fitar da iskar yadda matsin ba zai haura wannan adadi da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. An yarda a maye gurbin ɗaya daga cikinsu da wani siririn faifan ƙarfe wanda aka ƙera don ya fashe da kansa kafin tankin ya fashe, kamar dai yadda manomin fadama yakan fasa bakin kwami ruwa ya wuce don kada ya cinye masa gona duka. Shi faifan in ya fashe ba ya rufuwa kuma, sai an sake wani.

Har ila yau dokar ta yi tunanin ranar tsiya. Idan mota ta faɗi, bangon waje ya huje, iska ta shiga tsakanin tankunan biyu, to fulas ya mutu, zafi zai riƙa shiga da gaggawa, tafasar ta ninka. An ce dole bawul-bawul ɗin gaba ɗaya su iya fitar da wannan iska mai yawa ba tare da matsin ya wuce wanda aka gwada tankin da shi ba. Kuma dole a ƙera su da ƙarfen da yake jure sanyin, domin baƙin ƙarfe na yau da kullum in ya sha irin wannan sanyi sai ya yi gautsi, ya tsage kamar tangaran. Wannan shi ya sa ba aikin mai walda na bakin tasha ba ne, komai gwanintarsa.

Sa'an nan ba a cika tankin maƙil. Ruwan yana kumbura in ya ɗan yi ɗumi, shi kuwa bawul an yi shi ne don iska, a saman tanki yake. Dokar ta ce a bar sarari, yadda ko a lokacin da bawul zai buɗe ruwan bai wuce kashi 95 cikin 100 na tankin ba in mai kama wuta ne; in kuwa oksijin ne ko naitirojin, ba a wuce kashi 98 a lokacin lodi. Mu nan mun saba da lodin da ya wuce kima, buhu kan buhu, mutane a bisa. A wannan mota ƙarin lodi ba riba ba ce ko kaɗan. A ranar 11 ga Yuli, 1978, a wani wurin shaƙatawa da ake kira Los Alfaques a ƙasar Sifen, wata tanka ɗauke da gas mai kama wuta ta fashe, mutane fiye da 200 suka mutu. Gas ɗin ba irin mai tsananin sanyin nan ba ne, na matsi ne, amma bincike ya nuna abu biyu: an loda mata wajen tan 23 alhali iyakarta wajen tan 19, kuma tankin ba shi da bawul na tsira.

Kada a rikita wannan da bawul ɗin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC take matsa wa masu tankar fetur su sa. Na fetur aikinsa ya rufe, don kada mai ya malalo in mota ta kife. Na tankar sanyi aikinsa ya buɗe. Sunansu ɗaya, amma kowa da inda ya dosa.

To amma fa ba kowane huci ne lafiya ba. Tanka mai lafiya takan yi kwanaki ba ta huci, in ta yi kuma na ɗan lokaci ne ta yi shiru. In aka ga hucin ba ya tsayawa, ƙararsa tana ƙaruwa, ko ƙanƙara ta fito a jikin tankin kansa ba a bututu kaɗai ba, to fulas ya samu matsala. Nan ma maganin ba toshewa ba ne, nisa ne. Kuma kada wani ya ce zai taimaka ya watsa ruwa a kan bawul. Ruwan zai daskare nan take ya liƙe shi, ka ga mai taimako ya yi abin da mai tsumma ya so yi.

Nan muke son jama'ar Anka, Gummi da Bukkuyum su ba mu kunne sosai, musamman matasa. Mun ga abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa ranar 15 ga Oktoba, 2024, inda mutane fiye da 150 suka rasu wajen kwasar fetur daga tankar da ta faɗi. Ba a yi wata huɗu ba aka sake yin irinsa a mararrabar Dikko ta Jihar Neja, ranar 18 ga Janairu, 2025, fiye da mutum 80 suka tafi. Allah ya jiƙansu. To ita farar tanka ko abin kwasa babu a cikinta. In ka tara bokiti, kafin ka kai gida ya koma iska, robar ta tsage, hannun da ruwan ya taɓa kuma ya ƙone kamar an sa shi a wuta, har yakan kai ga yanke yatsu.

Kowanne da irin sharrinsa. LNG yana kama wuta, kuma ba shi da wari, don ba a zuba masa abin warin nan da ake sa wa gas ɗin girki. Da yake da sanyi yake fitowa, ba ya tashi sama da farko, sai ya kwanta ya bi ƙasa, ya gangara kwari da kwalbati, har ya iske murhun mai shayi ko tartsatsin babur. Lokacin hunturu, da yake iskar gari a bushe take, hazon ba ya yawa, saboda haka gas ɗin yakan wuce inda ido yake ganin fari. Oksijin shi ba ya ci da kansa, amma yana sa komai ya ci da hauka: rigar da ta sha shi, ƙyastu ɗaya ta isa, in kuwa ya haɗu da baƙin mai, giris ko kwalta, yana iya fashewa. Naitirojin ba ya kama wuta sam, sai dai yana korar iskar shaƙa, mutum ya shiga cikin hazon ya yanke jiki ya faɗi ba tare da ya ji komai ba, mai zuwa ɗauko shi ma ya bi shi.

In motar tana da allo mai ruwan lemo a gaba ko a baya, lambar ƙasa tana faɗin abin da ke ciki: 1972 LNG ne, 1073 oksijin, 1977 naitirojin, fetur kuwa 1203. A karanta daga nesa, a faɗa wa jami'ai in an kira su. Lambar FRSC ita ce 122. Littafin da 'yan kwana-kwana na Amurka suke aiki da shi ya ce in yoyo ne kawai, a ja baya aƙalla mita 100, a tsaya ta inda iska take fitowa, a kan tudu. In wuta ta kama tankin, mita 800 ga oksijin da naitirojin, mita 1,600 ga gas mai kama wuta, wato mil guda cur. Wani zai ce an cika tsoro. A Tivissa, can ƙasar Sifen, a watan Yuni na 2002, wata tankar LNG ta kife ta kama wuta, ta yi wajen minti 20 tana ci kafin ta fashe. Direban ya mutu, wasu mutum biyu da ke tsaye wajen mita 200 daga wurin suka ƙone. Minti 20 ɗin nan, a wurinmu, shi ne daidai lokacin da 'yan kallo suke gama taruwa.

Akwai ƙaramar irin wannan tanka da makiyaya da manoma za su fi saurin gani kusa da su. Ma'aikatan dabbobi masu yi wa shanu baye da hannu, irin aikin da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta daɗe tana yi, sukan zo da wata gora ta ƙarfe mai kama da tulu, a ciki akwai ruwan naitirojin da ke adana irin bijimi. In ka lura, murfinta sakwa-sakwa yake, ba ya ɗauruwa, kullum ɗan hazo yana fita ta gefe. Da gangan aka yi shi haka, shi ne bawul ɗinta. Kada a ɗaure shi da roba don gudun zuba a kan babur, kada a juye ruwan a fulas ɗin shayi ko gorar lemo a murɗe murfi, kada kuma a kwana da ita a ɗaki a rufe ko a sa ta cikin mota an ɗaga gilasai.

Alhaji, a gaishe mana da mutanen Zugu. Sai mun ji daga gare ku.