Hanyar Kogin Camel da Hanyar Tuddan South Downs: Sauƙi Iri Biyu

Kudancin Ingila ba ƙasar manyan duwatsu ba ce. Gonaki ne da makiyaya da tuddai masu kwantaccen baya, sai kuma teku daga kudu. Duk da haka masu keken hawan tudu, wato keken nan mai kaurin taya da giya barkatai, ba su rasa wurin zuwa ba. Hanyoyi biyu sun yi fice. Ɗaya tana yankin Cornwall, can ƙuryar kudu maso yamma, tana bin kogin Camel daga Wenfordbridge zuwa Padstow, inda kogin yake shiga teku. Tsawonta kusan kilomita 29 ne. Ɗayar ita ce South Downs Way, mai kilomita 160, daga tsohon birnin Winchester zuwa Eastbourne a bakin teku. Idan aka gwada su da duwatsun Wales ko na Scotland, duka biyun masu sauƙi ne. Sai dai sauƙin nasu ba daga tushe ɗaya ya fito ba.

Hanyar Camel gadon jirgin ƙasa ce. A 1834 aka buɗe layin dogo tsakanin Wadebridge da Bodmin, kuma babban aikinsa shi ne kwaso yashi daga bakin kogi zuwa gonakin cikin ƙasa, domin yashin nan mai garin ɓawon kifin teku yana kashe tsamin ƙasa. Layin ya kai Padstow a 1899. Bayan rahoton Beeching na 1963, wanda ya yi sanadin rufe layukan dogo masu yawa a Birtaniya, jirgin fasinja ya daina bi ta nan a 1967, amma reshen Wenford ya ci gaba da jigilar farin yumɓun tangaran har 1983. Da aka kwashe ƙarafan, sai hanyar ta rage a shimfiɗe. Jirgin ƙasa ba ya jituwa da hawa, don haka tuni injiniyoyi suka sare tudu, suka cike kwari, suka ɗora gadar ƙarfe a kan mashigin Little Petherick. Mai keke a yau yana cin gajiyar gumin waɗannan ma'aikata ne.

South Downs kuwa ba wanda ya daidaita ta. Sawun mutane da na dabbobi ne suka tattake ta shekaru dubbai, a kan doron tuddan alli, inda ƙasa take bushe, nesa da laka da kurmin da ke ƙasa. Har yanzu ana wuce kufan ganuwowin mutanen da a Old Winchester Hill da Chanctonbury Ring. A 1972 aka buɗe ta a matsayin ɗaya daga cikin manyan hanyoyin tafiya na ƙasa, aka tsawaita ta zuwa Winchester a 1987. A dokar Ingila hanyar doki ce, kusan abin da burtali yake a wurinmu: tana ratsa gonar mutum, amma ba shi da ikon toshe ta. Wata doka ta 1968 ce ta ba masu keke izinin bin irin waɗannan hanyoyi, da sharaɗin su kauce wa mai ƙafa da mai doki.

A ƙarƙashin taya ake fara jin bambanci. Ƙasar Camel dandaɓaɓɓiya ce, kowane irin keke yana binta, har da mai jan ƙaramin keken jariri da keken guragu. Da wuya a canza giya, birki ma sai don kauce wa jama'a. A South Downs lissafin daban ne. Tudu mafi tsayi a hanyar, Butser Hill, bai wuce mita 270 da ɗoriya ba, Ditchling Beacon kuma mita 248 ne, abin da mutumin Filato zai ji ya yi murmushi. Amma koguna sun yanka jerin tuddan: Meon, Arun, Adur, Ouse da Cuckmere. Kowanne sai an gangara har gindinsa, a haye, a sake hawa daga farko. In aka tara hawan duka, ya haura mita 3,500. Ga shi alli in ya jiƙe santsi gare shi kamar me, musamman inda ya yi kore. Ga ƙanƙarar dutse mai kaifi da ke tsaga taya. Wanda ya fita ba kayan faci da famfo ya shirya wa turin keke. Ƙofofin shingen tumaki ma ba su ƙirguwa cikin sauƙi, kuma kowace sai an tsaya, an buɗe, an rufe.

Batun ruwa ya fi ba ni sha'awa, domin a nan hanyoyin biyu suka yi hannun riga. A Camel ruwa abokin tafiya ne. Tsakanin Wadebridge da Padstow, tafiyar kusan kilomita 9, kogin ya buɗe ya zama faffaɗan mashigi. In teku ya cika sai ka ga ruwa dab da hanya, in ya janye sai yashi da taɓo su bayyana, tsuntsayen ruwa su sauka kiwo. Wanda ya bi da safe ya dawo da yamma ya ga wuri biyu, ba ɗaya ba. Sama da Wadebridge kuma hanyar ta nutse cikin kurmi, kogi ya ƙanƙance, inuwa ta rufe. A South Downs alli yana shanye ruwan sama nan take, shi ya sa babu rafi a kan doron tudu. Makiyayan da sai da suka haƙa ƙananan tafkuna suka daɓe su da yumɓu don tumakinsu, mai keken yau kuma dole ya san inda famfunan sha suke kafin ya tashi. Tekun yana nan, amma daga nesa: a rabin gabas na hanyar, ga wanda ya nufi Eastbourne, yakan bayyana ta hannun dama, shuɗi, yayin da filayen Weald suke shimfiɗe ta hagu. Kuma akwai abin takaici. A ƙauyen Alfriston hanyar ta rabu biyu. Reshen da ya bi ta kan fararen gaɓoɓin Seven Sisters da Beachy Head, wurin da ya fi ko'ina suna, na masu ƙafa ne kaɗai. Mai keke ta cikin ƙasa zai bi, ta Jevington, sai a gangaren Eastbourne zai sadu da teku sosai.

Sai jama'a. Camel tana karɓar dubban ɗaruruwan mutane a shekara, kuma shagunan hayar keke a Wadebridge da Padstow da su suke rayuwa. A lokacin hutun bazara sashen bakin ruwa yakan cika da yara masu koyo da karnuka da masu yawo, har gudu ya zama rashin ladabi. South Downs ma tana da wuraren cunkoso, irin su Devil's Dyke kusa da Brighton, amma da an yi nisa kaɗan da wurin ajiye motoci sai a koma daga kai sai tumaki da iska. Iskar ma abin lissafi ce: galibi daga kudu maso yamma take busowa, shi ya sa mafi yawa suke tashi daga Winchester don ta tura su ta baya.

Wajen lokaci da kuɗi, Camel ba ta neman komai sai yini ɗaya, ko ma rabinsa, da kuɗin haya. South Downs kan ci kwana biyu zuwa huɗu, da masauki da guzuri, ko da yake akwai ƙarfafa masu gama ta a yini guda. Sassaucinta shi ne tashoshin jirgi irin su Amberley da Southease, inda wanda ya gaji zai iya yanke tafiya ya koma gida.

To, wace ta fi? Idan keken hawan tudu ake magana, hukuncina yana wajen South Downs. Ita ce take ba kaurin taya da giya da birki aikin yi, ita ce take koya wa mutum karanta ƙasa da sama kafin ya taka feda, ba tare da ta jefa shi cikin haɗarin manyan duwatsu ba. A Camel irin wannan keke ya fi ƙarfin aikin da aka ba shi. Amma ba zan rage mata daraja ba, domin abin da take yi South Downs ba za ta iya ba: kaka da jika su jera a kan keke, babu fargabar mota, babu tudun da zai raba su. Wanda ya zo da iyali, ko ya daɗe rabonsa da sirdi, ya nufi Wadebridge ya karɓi haya. Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari kuma yake da kwana uku, ya jira a yi 'yan kwanaki ba ruwa don alli ya bushe, ya hau jirgin Winchester.