Bidiyo a allon kulle na kwamfuta: abin da zai yiwu da abin da ba zai yiwu ba

A zangon karatun da ya wuce wata abokiyar aikina ta same ni a ɗakin malamai da laftof ɗinta a hannu, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, dubo min wannan abin, tun jiya sai tallace-tallace yake buɗe min, ga shi ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse." Da na tambayi abin da ta saka na ƙarshe, sai ta ɗan yi murmushin kunya. Ashe bidiyon ɗanta ne, ranar da ya fara tafiya. A wayarta ta Samsung ta sa shi a allon kulle, duk lokacin da ta taɓa wayar sai ga yaro yana tatata. Shi ne ta so ta yi haka a kwamfuta, ta shiga intanet, wani shafi ya yi mata alkawarin zai yi, ta sauke abin da ya ba ta. A cikin wannan kwamfutar kuwa akwai makin ɗalibai aji uku da tambayoyin jarrabawar da ba a riga an yi ba.

Sha'awarta ba laifi ba ce. Tun da gwamnatin Gana ta ƙaddamar da shirin ba kowane malami laftof a 2021, malamai da yawa sun mallaki kwamfutarsu ta farko, kuma da sabon waya suka zo mata. Abin da waya ke yi, suna ganin kwamfuta ta fi ƙarfin ta gaza. Wayoyin Samsung da dama suna karɓar bidiyo na daƙiƙa 15 a allon kulle ba tare da wata manhaja ba. To me zai hana kwamfuta?

Amsar a taƙaice ita ce Windows ba ta yarda ba. A Windows 10 da 11, in ka shiga Settings, ka zaɓi Personalization, sannan Lock screen, zaɓi uku za ka tarar: hoto guda, ko jerin hotuna masu sauyawa daga wata jaka da ka nuna, ko Windows Spotlight, wato hotunan da Microsoft ke aiko maka da kanta. Babu wurin bidiyo.

Akwai abu biyu da mutane ke haɗawa a nan. Hoton bangon da kake gani bayan ka shiga, inda alamomin fayilolinka suke, daban yake da allon kulle, wanda ke tare ka kafin ka rubuta kalmar sirri. Na farkon kamar cikin ɗaki ne, kana iya ƙawata shi yadda ka so. Har Microsoft ta taɓa ba da damar sa masa bidiyo a 2007, da wani abu mai suna DreamScene a Windows Vista Ultimate, kafin ta cire shi a Windows 7. Na biyun kuwa bakin ƙofa ne. Windows ta keɓe wurin shigar da kalmar sirri don kada kowace manhaja ta iya zana abin da ta ga dama a can, domin wadda za ta iya zana bidiyo za ta iya zana akwatin ƙarya ta karɓe maka kalmar sirrinka. Wannan tsoron ne ma ya sa a zamanin Windows NT aka riƙa sa mutum ya danna Ctrl da Alt da Del kafin ya shiga.

Saboda haka duk shafin da ya ce maka zai sa bidiyo a ainihin allon kullen Windows da dannawa ɗaya, ka tsaya ka yi tunani. Abin da Malama ta sauke sunansa ya ƙare da .scr, kuma fayil mai wannan wutsiya manhaja ce cikakkiya, daidai take da mai .exe, tana iya yin duk abin da aka rubuta ta ta yi. Ga shi Windows tana ɓoye wutsiyar sunayen fayiloli sai in kai ka ce ta nuna, don haka mutum zai ga kamar bidiyo ne kawai.

To ina mafita? Akwai hanyar da ta yi kusa da abin da ake so, ita ce ta sikirinseba, wato abin nan da ke fitowa ya rufe fuskar kwamfuta in an bar ta ba a taɓa ba na wasu mintuna. Manhajar Lively Wallpaper kyauta ce, ana samunta a Microsoft Store. Wallpaper Engine kuma ta kuɗi ce, a Steam ake sayenta. Dukansu suna sa bidiyonka ya zama hoton bango, kuma suna iya mayar da shi sikirinseba. Daga nan sai ka je saitin sikirinseba na Windows, ka sa mintunan jira, ka sa alama a akwatin da ke cewa a nemi kalmar sirri in an dawo. Kana tashi daga kan tebur, bayan minti biyu ko uku bidiyo zai fara, wanda ya taɓa kwamfutar kuma sai ya ci karo da kulle. Amma in ka danna maɓallin Windows da L don kullewa nan take, hoto tsayayye za ka gani. Wannan dai ba makawa.

Ni a ganina ma hasarar ba ta da yawa, don yadda Windows ta zo, in an kulle ta ba a taɓa ba, cikin kamar minti ɗaya fuskar ke yin baƙi.

Masu Mac sun ɗan fi morewa. Tun macOS Sonoma na 2023 akwai bidiyoyin wurare da aka ɗauka daga sama suna motsi a allon kulle, amma na Apple ne. Mai son nasa sai ya kutsa cikin jakunkunan tsarin ya musanya fayil, abin da ba zan ba wanda bai ƙware ba shawarar yi ba. A Linux mai KDE Plasma kuwa ana iya ƙara ɗan kayan aiki da ke sa bidiyo a allon kulle kai tsaye.

Sai maganar batir, wadda duk wanda ya sha dumsor ya san ba ƙaramar magana ba ce. Hoto tsayayye kusan ba ya cin komai, amma bidiyo yana sa kwamfuta aiki ba hutu muddin yana juyawa. Ranar da aka ɗauke wuta kana tsakiyar shigar da maki, minti ashirin na batir ba abin wasa ba ne. Manhajojin biyu suna da saitin da ke tsayar da bidiyo in an cire caja, a kunna shi. A kuma yanke bidiyon ya zama gajere, daƙiƙa 10 zuwa 20 sun isa, a tsarin MP4, wanda aka ɗauka a kwance, don na tsaye irin na WhatsApp yakan bar baƙi a gefe biyu. A kashe sautin. Na taɓa zama a taron malamai inda kwamfutar wani ta ɓarke da kiɗan biki ana cikin jawabi, har yau ana tsokanarsa.

Ka kuma tuna wa zai gani. Waya tana aljihunka, laftof kuwa a buɗe take a kan tebur, wani lokaci ma a jone da majigi gaban ɗalibai hamsin. Bidiyon iyali a cikin gida, ko na biki mai fuskokin mutanen da ba su san ka sa su ba, ba lallai ne su so ɗalibanka su gan su ba.

Ita dai Malama sai da muka kwashe fayilolinta a filas, aka goge kwamfutar gaba ɗaya aka sake saka Windows, ta canza kalmomin sirrinta, tambayoyin jarrabawar kuma ta sake rubuta sababbi don ba ta da tabbacin ba su fita ba. Da ta ji maganar batir sai ta ce a bar sikirinseban. Muka buɗe bidiyon yaron a VLC, muka riƙa danna Shift da S muna ciro hotuna, guda takwas, muka zuba su a jaka ɗaya muka ba allon kulle a matsayin jerin hotuna. A na farko yana riƙe da kujera, a na ƙarshe ya faɗa hannun babansa.